Kids Company: ƙungiyar da ba ta korar yaro, da yadda ta rufe a rana ɗaya

Ranar 5 ga Agustan 2015 ƙungiyar agaji ta Kids Company ta rufe cibiyoyinta na Landan da Bristol, ta kuma dakatar da aikin da take yi a Liverpool. Ma'aikata kimanin 650 suka wayi gari ba su da aiki. Yaran da suka saba zuwa cin abincin dare da matasan da ƙungiyar ke biya wa kuɗin haya suka tarar da ƙofa a garƙame. Kwana shida kacal kafin nan gwamnatin Birtaniya ta tura wa ƙungiyar fam miliyan 3 don ta tsaya da ƙafafunta.

Shekara goma aka shafe ana jayayya a kan abin da ya kashe ta. Majalisar dokoki ta yi nata binciken, 'yan sanda sun yi nasu, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta fitar da rahoto, Babbar Kotu ta zauna a kan maganar har sau biyu, kuma ba su fito da amsa iri ɗaya ba. Ga mai son fahimtar yadda ake riƙe ƙungiyar da ke kula da yara marasa galihu da iyalan da ba su da matsuguni, wannan saɓanin shi ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa.

Mafari

Camila Batmanghelidjh, wadda aka haifa a Tehran a 1963 ta kuma yi karatu a Ingila, ita ta kafa ƙungiyar a 1996. Wurin farko wasu rumfuna ne a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Camberwell da ke kudancin Landan. Tun ranar farko ta kafa ƙa'ida guda wadda duk sauran abubuwa suka rataya a kanta: yaro shi zai kawo kansa. Ba sai malamin makaranta ko likita ko ma'aikacin walwalar jama'a ya rubuto takarda ba. In ya ƙwanƙwasa ƙofa, an karɓe shi, kuma ba a ce masa wuri ya cika.

Dalilinta a bayyane yake, kuma yana da ƙarfi. Tsarin kula da yara na hukuma ya ɗauka akwai wani babba a bayan kowane yaro, wanda zai kai shi asibiti, ya cike masa takardu, ya tuna ranar da aka ce ya dawo. To yaron da uwarsa ke fama da shaye-shaye, ko mahaifinsa ne ke dukansa, ko yake kwana yau a falon wannan aboki gobe a na wancan, wa zai kai shi? Babban da ya kamata ya nema masa taimako sau da yawa shi ne matsalar. Irin wannan yaro sai dai ya zo da ƙafarsa, kuma yawanci wani yaron ne zai gaya masa inda ake zuwa.

Abin da ƙungiyar ke bayarwa ya wuce nasiha. Ana ba da abinci mai zafi, tufafi, kuɗin mota, taimakon karatu, da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akan haɗa yaro da ma'aikaci guda da zai riƙe lamarinsa, ya raka shi kotu ko ofishin gidaje. Wasu matasan ana ba su kuɗin kashewa na mako-mako a ambulan, wasu ana biya musu haya. Batmanghelidjh ba ta ɓoye manufarta ba: so take ƙungiyar ta yi wa yaron abin da iyaye ke yi.

Nan ne maganar matsuguni ta shigo. A Ingila dokar gidaje ta 1996 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa iyalan da ke da yara wurin zama in sun rasa gida, dokar yara ta 1989 kuma ta wajabta musu tallafa wa yaron da ke cikin buƙata. A takarda ke nan. A aikace akwai iyalan baƙin haure da takardun zamansu suka haramta musu cin tallafin gwamnati, akwai matashin da ya kai shekara 18 ya fita daga hannun sashen yara bai kuma shiga hannun kowa ba, akwai wanda matsalarsa ba ta yi tsananin da ƙaramar hukuma za ta buɗe masa fayil ba. Bayan 2010, da gwamnati ta zaftare kuɗin ƙananan hukumomi, ma'aunin tsananin da ake buɗe fayil a kansa ya ƙara yin sama. Kids Company ta ce waɗannan ne mutanenta.

Inda kuɗin ke fitowa

Ƙungiyar ta girma da sauri. Zuwa 2013 kuɗin da ke shigo mata a shekara ya kai kusan fam miliyan 23. Attajirai da kamfanoni da mawaƙa suna bayarwa, mawaƙan Coldplay na cikin manyan masu tallafa mata. Alan Yentob, ɗaya daga cikin manyan shugabannin BBC, shi ne ya shugabanci kwamitin amintattu, wato masu sa ido kan tafiyar da ƙungiyar, daga 2003 har ta rufe. 'Yan siyasar manyan jam'iyyu biyu suna son a gan su tare da ita, kuma Firayim Minista David Cameron ya riƙa nuna ta a matsayin misalin yadda jama'a za su iya yin abin da hukuma ta gaza.

Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya lissafa a watan Oktoban 2015 cewa ƙungiyar ta karɓi aƙalla fam miliyan 46 na kuɗin jama'a, fam miliyan 42 daga ciki tallafi ne daga gwamnatin tsakiya. Rahoton ya nuna cewa tun 2002 ma'aikatan gwamnati ke rubuta damuwarsu a kan yadda ƙungiyar ke tafiyar da kuɗi, sun kuma maimaita hakan sau da dama. A 2003 hukumar haraji ta yafe mata bashin fam 590,000. Daga 2013 ma ta daina samun tallafin ta hanyar gasa da sauran ƙungiyoyi, kai tsaye ake ba ta.

Duk da wannan kuɗi, rayuwar ƙungiyar hannu baka hannu ƙwarya ce. Abin da take da shi a ajiye bai kai ya riƙe ta wata guda ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne kawai. Kashe kuɗinta ba ya hutu: albashi kowane wata, haya kowane wata, abinci kowace rana, kuma yawan masu zuwa ba a hannunta yake ba tunda ta yi alkawarin ba za ta mayar da kowa ba. Shigar kuɗi kuwa yana da kaka da rani. Manyan kyaututtuka sukan zo ne a ƙarshen shekara, kuma mai bayarwa yana iya jinkirtawa ko ya fasa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A tsakanin nan sai a cike giɓi da rance daga masoya, da jinkirta biyan haraji, da jinkirta biyan ma'aikatan da ke aiki a matsayin 'yan kwangila.

Me ya hana a ajiye? Amsar da shugabannin suka bayar ita ce, ba za su iya kulle kuɗi a banki ba alhali ga yaro a bakin ƙofa da yunwa. Akwai kuma wata gaskiya da duk mai neman tallafi ya sani: masu bayarwa ba sa son jin an ce kuɗinsu na zaune a asusu. Suna so a nuna musu yaron da kuɗin ya kai wa. Wanda ya je neman kuɗin ko-ta-kwana yakan dawo da ɗan kaɗan, wanda ya je da labarin yaro guda yakan dawo da cak. Na yarda da rabin wannan hujja. Ragowar rabin da ba na karɓa shi ne, ƙungiyar da ta ce wa yaro ta zama masa iyaye ta ɗauki alkawari na shekaru, kuma alkawarin shekaru ba a riƙe shi da kuɗin makonni. Yaron da ke bakin ƙofa yau yana da haƙƙi, amma wanda aka riga aka karɓa bara aka kama masa ɗaki shi ma yana da haƙƙin kada hayarsa ta tsaya.

Shekarar ƙarshe

A watan Fabrairun 2015 mujallar The Spectator ta buga wani rubutu da ya tuhumi yadda ƙungiyar ke kashe kuɗi da kuma yawan yaran da take cewa tana taimakawa. Masu bayarwa suka fara ja da baya. A watan Afrilu ofishin majalisar ministoci ya biya ta tallafin shekarar gaba ɗaya, fam miliyan 4.265, a dunƙule maimakon kashi-kashi. Ba a rufa wata biyu ba ta dawo neman ƙarin fam miliyan 3.

Babban sakataren ofishin, Richard Heaton, ya rubuta wa ministoci cewa bai ga alamar kuɗin zai yi amfanin da ake nema ba. A tsarin Birtaniya, in babban sakatare ya ƙi amincewa da kashe wani kuɗi, minista na iya tilasta shi, amma sai ya ba da umarni a rubuce wanda za a bayyana wa jama'a, ya kuma ɗauki alhakin. Ministoci Oliver Letwin da Matthew Hancock suka ba da wannan umarni a ƙarshen watan Yuni. Sharaɗin shi ne a rage girman ƙungiyar, Batmanghelidjh ta sauka daga shugabancin gudanarwa, wasu attajirai kuma su kawo nasu fam miliyan 3.

Ministocin suna gaba kura baya sayaki. In sun hana, ƙungiyar ta rushe a hannunsu, ga kuma takardar da shugabanninta suka aiko suna gargaɗin cewa unguwannin da take aiki za su iya rikicewa da tarzoma da ƙone-ƙone in ta rufe. In sun bayar, sun bayar ne bayan an gaya musu a rubuce kada su bayar. Wannan gargaɗin na tarzoma, a ganina, yana cikin abubuwan da suka fi zubar wa ƙungiyar mutunci, domin ya siffanta yaran da take karewa a matsayin barazana. Tarzomar kuma ba ta faru ba.

Kuɗin ya shiga asusu ranar 30 ga Yuli. Ana wata ga wata: a ranar ne aka sanar cewa 'yan sandan Landan sun buɗe bincike a kan zargin cin zarafin yara ta hanyar lalata a wuraren ƙungiyar, bayan rahoton da shirin Newsnight na BBC da kafar BuzzFeed suka kawo. Attajiran da suka yi alkawari suka janye. An riga an kashe kimanin fam 800,000 na tallafin wajen biyan albashin da ya makara. Amintattu suka ga ba hanya, suka rufe.

A watan Janairun 2016 'yan sanda suka rufe binciken, suka ce ba su sami shaidar aikata laifi ba. Lokacin ƙungiyar ta yi wata biyar da mutuwa.

Yara nawa ne?

Kids Company ta daɗe tana cewa tana taimaka wa yara da matasa da manya masu rauni 36,000 a shekara. Da ta rufe, fayilolin da aka miƙa wa ƙananan hukumomi ba su wuce 1,900 da 'yan kai ba. Jaridu suka ɗauki lambobin biyu suka jera su, mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa ƙarya ake yi tun farko.

Maganar ta fi haka sarƙaƙiya. Adadin 36,000 ya haɗa da ɗaliban makarantun da ƙungiyar ke aiki a cikinsu da sauran waɗanda aikin ya taɓa ta gefe. Fayilolin kuwa na waɗanda aka ga lamarinsu ya kai a miƙa wa hukuma ne, kuma ƙungiyar ta ce akwai waɗanda ba za ta iya miƙa sunansu ba saboda matsalar takardun zama. Abu biyu daban ake ƙirgawa. Sai dai wannan bayanin bai wanke ta sarai ba. Mai ba da kuɗi da ya ji 36,000 yana hango yara 36,000 da ake ciyarwa ana kula da su ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar kuma ta bar shi da wannan hangen domin yana kawo kuɗi. Ranar da take buƙatar a yarda da maganarta a kan zargi mafi muni, sai ta tarar an riga an daina yarda da lissafinta.

Haka maganar ambulan. Ba wa matashi mara gida kuɗin abinci da na mota a hannunsa ba abin kunya ba ne, iyaye ma haka suke yi. Amma kuɗin hannu yana buƙatar rubutu mai tsauri fiye da kowane irin taimako: wa aka ba, nawa, don me, wa ya amince, kuma me ya sa wannan ya samu wancan bai samu ba. Tsofaffin ma'aikata sun yi ƙorafin cewa akwai 'yan lele da ake kashe wa kuɗi fiye da kima. Ƙungiyar ta amsa cewa waɗannan su ne masu matsala mafi tsanani, kuma abin da hukuma za ta kashe a kansu a gidan kulawa ko gidan yari ya ninka haka. Duk maganganun biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda.

Hukunce-hukuncen da suka saɓa

Kwamitin majalisar dokoki mai kula da harkokin mulki, ƙarƙashin Bernard Jenkin, ya saurari Batmanghelidjh da Yentob a watan Oktoban 2015, ya fitar da rahoto a Fabrairun 2016. Rahoton bai bar kowa ba. Ya ɗora babban laifi a kan amintattu saboda sun ƙi jin gargaɗin masu binciken kuɗi a kan ƙarancin ajiya, ya ce shugabar ta fi ƙarfin kwamitin da ya kamata ya tsawata mata, ya kuma soki ministocin gwamnatoci daban-daban da suka riƙa sakin kuɗi ba tare da gamsasshiyar shaidar sakamako ba. Yentob ya riga ya ajiye babban muƙaminsa na BBC a watan Disamban 2015.

Daga nan jami'in gwamnati mai kula da kamfanonin da suka karye ya shigar da ƙara yana neman a haramta wa Batmanghelidjh da amintattu bakwai riƙe shugabancin kowane kamfani na wasu shekaru. Hujjarsa ita ce sun tafiyar da tsarin da suka san ba zai ɗore ba. An yi mako goma ana shari'a. A watan Fabrairun 2021 Mai Shari'a Falk ta yi watsi da ƙarar baki ɗaya. Ta ce tsarin yana da haɗari amma ba a tabbatar da cewa ba zai ɗore ba, ta yaba wa amintattun a matsayin mutanen kirki da suka yi aikin sa kai cikin yanayi mai wuya, ta kuma ce da ba don zargin da ya zama mara tushe ba, mai yiwuwa ne ƙwarai garambawul ɗin da aka tsara ya ceci ƙungiyar. Babu inda aka zargi wani da cin kuɗin don kansa. Ta kuma yi gargaɗin cewa irin wannan ƙara na iya sa mutanen da suka cancanta su guji zama amintattun ƙungiyoyin agaji, aikin da ba a biyan ko sisi a kansa.

Wannan hukunci ya wanke su daga rashin cancanta, kuma ya kamata duk mai ba da labarin ya faɗe shi da ƙarfin da aka faɗi zargin. Amma tambayar da kotu ta amsa ƙunƙuntacciya ce: shin waɗannan mutane sun gaza har ta kai a hana su shugabanci? Ba a tambaye ta ko tsarin ya yi wa yaran adalci ba. Gaskiya ne cewa zargin da ba a tabbatar ba shi ya kayar da ƙungiyar. Gaskiya ne kuma cewa duk ƙungiyar da ke aiki da matasa masu tarihin tashin hankali za ta gamu da zargi wata rana, na gaskiya ko na ƙarya, kuma binciken 'yan sanda yakan ɗauki watanni. Wadda ke da abin riƙe kanta wata shida tana iya jira a wanke ta, ko aƙalla ta rufe a hankali, ta miƙa kowane yaro hannu da hannu ga wanda zai ci gaba da shi. Kids Company kwana shida ta samu.

Gwamnati ma tana da nata kason, kuma shi ne aka fi saurin tsallakewa. Shekara da shekaru ta bar ƙungiya mai zaman kanta tana ɗauke da yaran da doka ta ce nauyinsu na hukuma ne, tana biyanta da tallafin da ake sabuntawa bayan roƙo da matsin lamba, ba da kwangilar da ta fayyace aiki da farashinsa ba. Batmanghelidjh ta sha faɗin cewa ƙananan hukumomi na amfana da aikinta ba sa biya. Jami'an wasu ƙananan hukumomin kuma sun musanta cewa buƙatar ta kai yadda take faɗa. Mai ba da fam miliyan 42 yana da ikon ya sa a tantance wannan tun da wuri, ya kuma sa sharaɗin ajiya da shirin miƙa yara in abu ya ɓaci. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa an fi dogara da rahoton da ƙungiyar ke bayarwa a kan kanta.

A Fabrairun 2022 hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta fitar da nata rahoton. Ta sami ƙungiyar da rashin iya gudanarwa a abu guda, wato yawan kasa biyan haraji da ma'aikata a kan lokaci, ta kuma soki ƙarancin ajiya da yadda ake lissafin masu cin gajiya. Batmanghelidjh ta ƙalubalanci rahoton a kotu, amma ta rasu ranar 1 ga Janairun 2024 tana da shekara 61, wani tsohon abokin aikinta ya ci gaba da ƙarar. A watan Mayun 2025 Babbar Kotu ta yanke cewa wasu sassan rahoton ba su yi adalci ba, ciki har da abin da ya faɗa a kan kuɗin da aka kashe wa mutum 25 da suka fi cin tallafi, domin ya bar ƙofar zato a buɗe ba tare da hujja ba. Sauran rahoton kotun ta bar shi yadda yake, har da hukuncin da ya shafi jinkirin biyan haraji da albashi.